Babi na Huɗu: A Bakin Murhu

Tun kafin in iya karatu na san muryar Gwaggona ta asuba. Ɗakin da muke kwana yana jingine da madafi, katangar ta ƙasa ce, ga 'yar tsaga a sama inda azara ta zauna, don haka duk abin da ake yi a can yana shigowa kunnena. Ladanin maƙwabtanmu zai kira sallah, zakaru su ɗauka, sai in ji motsin kwanuka, in ji ana kakkarya kara. Daga nan hirar za ta fara, alhali duk gidan babu wanda ya tashi sai ita. "Uba, mun kwana lafiya, mun gode. Ka ga itacen nan ya sha ruwa jiya, ka taimake ni da shi." Sai ta hura, ta yi tari, ta sake hurawa. In wutar ta kama takan yi 'yar dariya irin ta wanda aka miƙo wa abin da ya roƙa, ta ce, "Yauwa, na gode."

Gwaggo gwauruwa ce. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, ni ne na biyar, riƙona aka ba ta. Dukiyarta 'yar gona ce a bakin rafi, da awaki uku, da sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Karatu kuwa a ajin manya na coci ta koya, tana bin layi da yatsa a cikin tsohon juyin Littafi Mai Tsarki na 1932, wanda hayaƙi ya riga ya mai da gefen shafukansa ruwan ƙasa saboda a madafi yake kwana. Babu wanda zai dubi rayuwarta ya ce tana cikin daula. Amma har yau in aka ce in nuna mutum mai farin ciki, ita ce take fara faɗo mini a rai.

Wata Lahadi cikin Agusta, ina ɗan shekara goma sha huɗu, mai jagorar sujada ya buɗe filin shaida. Na farko ya ce ɗansa ya samu aikin gwamnati, aka yi tafi, mata suka rangaɗa guɗa. Na biyu ya sayi babur. Sai ga Gwaggo ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane, ta ce tana roƙon ikilisiya ta taya ta godiya. Jiya an kwana ana ruwa amma ɗakinta bai yi yoyo ba, kuma da ta fito da safe ta tarar kabewar da ta shuka a jikin danga ta yi fure, manya-manya ruwan ɗorawa, har ta tsaya kallo ɗumame ya kusa ƙonewa. Samarin da ke kujerun baya suka ƙyalƙyale da dariya. Ni kuwa na sunkuyar da kai, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. A hanyar gida na kasa haƙuri na ce, "Gwaggo, ai irin wannan ba shaida ba ce." Ta dube ni ta ce, "To ɗana, wa ya ba ni furen?" Ba ta ƙara ko kalma ba.

Fiye da shekara talatin ke nan ina juya wannan tambaya, kuma na gane cewa ni da samarin nan ciwonmu ɗaya, ciwon da ya kama Kiristoci da yawa. Mun ɗaure farin cikinmu da igiya a jikin turken "idan". Idan na samu aiki. Idan na yi aure. Idan Allah ya ba mu haihuwa, idan ginin nan ya kai rufi. Wa'azinmu ma yakan ƙara ƙulla igiyar, domin kusan kullum maganar babbar buɗin da ke tafe ake yi, wata mai zuwa ko shekara mai zuwa. Ba na raina babbar buɗi, ni ma na roƙe ta, na kuma gani. Amma mutumin da ya kai shekara 70 ya ga fitowar rana fiye da sau 25,000. A cikinsu kwana nawa ne na biki, na suna, na karɓar takardar ɗaukar aiki? Sauran duk Talata ce da Laraba, ranakun ɗebo ruwa da jiran mota da wanke kwano. In Allah sai a ranar buɗi yake ziyartar mutum, to kusan dukan ranmu a maraice muke yin sa.

Ina jami'a na ci karo da labarin wani mutum da ya sa na koma na nemi gafarar Gwaggo a zuciyata. Sunansa na yanka Nicolas Herman. An haife shi wajen 1614 a wani ƙauye mai suna Hériménil, a yankin Lorraine, wanda yau yake gabashin Faransa. Ɗan talakawa ne, bai yi zurfin karatu ba. Ya tashi cikin Yaƙin Shekara Talatin, wanda ya ɗaiɗaita tsakiyar Turai daga 1618 zuwa 1648, ya kuma shiga soja yana saurayi. An taɓa kama shi ana zargin ɗan leƙen asiri ne, har aka yi masa barazanar rataya kafin a sake shi. A 1635 aka ji masa rauni a garin Rambervillers, ya koma gida, ƙafar kuma ba ta sake zama daidai ba. Ya yi barantaka a gidan wani babban ma'aji a Faris, inda shi da kansa ya ba da labarin cewa hannunsa ba ya riƙe abu, yana yawan fasa kayan maigida. A 1640, yana da shekara 26, ya ƙwanƙwasa ƙofar gidan zuhudu na 'yan ɗariƙar Karmel da ke titin Vaugirard a Faris. Ba fada ya zama ba, ba shi da ilimin da zai kai shi nan. An karɓe shi a matsayin ɗan'uwa mai hidima, aka sa masa suna Lawrence, aka tura shi madafi.

Abin da ya fara ɗaure ni da labarinsa shi ne, mutumin nan ba ya son girki. Ya faɗa ƙarara cewa jininsa bai haɗu da aikin madafi ba. A haka ya yi wajen shekara 15 yana dafa wa gida guda abinci, yana fere, yana wanke-wanke, kowa na kiransa a lokaci ɗaya. Kuma shekarunsa goma na farko a gidan na ƙunci ne. Ya yi shekara huɗu cur yana ganin kansa halakakke, wanda Allah ya riga ya juya wa baya, ba kuwa mai iya fitar masa da wannan tunani. Duk wanda ya ɗauka cewa farin ciki hali ne da ake haifar wasu da shi, wasu kuma a hana su, ya tsaya a nan ya duba da kyau. Lawrence bai fito ciki da fara'a ba.

Abu guda ya riƙe tun yana ɗan shekara 18. Wata rana cikin hunturu ya ga wata bishiya tsirara, ba ganye ko ɗaya, kamar yadda kuka take tsayawa a tsakiyar rani, kai ka ce ta mutu. Sai ya tuna cewa nan da 'yan watanni za ta toho, ta yi fure, ta yi 'ya'ya, ba don wani ya lallashe ta ba sai don akwai Mai kula da ita. Wannan ɗan kallo ya buɗe masa ikon Allah da tanadinsa, ya kuma ce abin bai taɓa gogewa daga ransa ba. Ba wahayi ya gani ba, ba murya ya ji daga sama ba. Bishiya ce da dubban mutane suka wuce ta gabanta a wannan hunturun. Da na karanta wannan sai furen kabewa ya dawo mini.

Hanyar da ya bi daga baya ba ta da wani sirri, yaro ma zai iya maimaita ta. Kafin ya taɓa aiki yakan roƙi taimako. Yana cikin aikin yakan riƙa jefa wa Allah gajerun maganganu, yadda mutum yake yi da abokin da suke aiki kafaɗa da kafaɗa. In ya gama sai ya waiwaya: inda ya yi daidai ya gode, inda ya kasa ya nemi gafara ya wuce, ba ya zama yana cin naman kansa. In hankalinsa ya tafi yawo, abin da ya ce ya sha faruwa da farko, sai ya jawo shi a hankali ba tare da faɗa ba. A kwana a tashi, lokacin addu'a da lokacin aiki suka zama masa abu ɗaya, har juya wainar ƙwai a kasko ko tsince tsinke daga ƙasa ya zama abin da yake miƙa wa Ubangiji. An taɓa aikensa Burgundy sayo wa gidan ruwan inabi, shi da bai iya ciniki ba, ga gurguwar ƙafa, har sai da ya riƙa mirginawa a kan ganguna kafin ya iya zirga-zirga cikin jirgin ruwan. Ya ce wa Allah, "Hidimar taka ce," ya tafi, ya dawo komai ya yi kyau. Da ƙafar ta ƙi tsayuwa gaba ɗaya aka mai da shi wurin gyaran takalman 'yan'uwa, ya ci gaba da hirarsa a can, da allura da fata. A ɗariƙarsu wannan tunani ba baƙo ba ne. Teresa ta Avila, 'yar Sifaniya da ta gyara ɗariƙar a ƙarnin da ya gabaci nasa, ta riga ta tabbatar wa matan gidajenta cewa ranar girki ba ta raba kowa da Ubangiji.

Mutane suka fara zuwa neman shawarar kuku. Wani fada mai suna Joseph de Beaufort ya riƙa zama da shi a 1666 da 1667 yana rubuta abin da ya ji. Lawrence ya rasu ranar 12 ga Fabrairu 1691, aka tattara hirarrakin da 'yan wasiƙunsa aka buga. Ɗan littafin, wanda a Turance aka sani da The Practice of the Presence of God, wato sabawa da zama a gaban Allah, yau shekara fiye da 300 ke nan Katolika da waɗanda ba Katolika ba suna karanta shi.

Gwaggo ba ta taɓa jin sunan Lawrence ba. Amma da za a zaunar da su a madafi ɗaya, da ba sa bukatar tafinta.

A nan ina so in raba wasu kalmomi da mukan gwama. Murna, a yadda nake jin ta, baƙuwa ce. Takan zo da dalilinta a hannu, an haihu, an ci jarrabawa, a yi barka, a watse. Farin ciki ɗan gida ne, Bahaushe ma a ciki ya ajiye shi, inda ido ba ya kaiwa. Akwai kuma haƙuri, wanda mu da muka tashi da Hausa a baki, Kirista da Musulmi, tun a nono aka shayar da mu. An yi rashi, haƙuri. An yi fari, haƙuri. Miji ya gagara, haƙuri. Gaskiya ne haƙuri maganin zaman duniya, ba don shi ba da gidaje da yawa sun watse. Manzo Bulus ma ya lissafa shi cikin abubuwan da Ruhu Mai Tsarki yake haifarwa, a wasiƙarsa ga Galatiyawa. Sai dai a wannan jerin ƙauna ce a gaba, farin ciki na biye da ita, sannan salama, kafin a iso ga haƙuri. Akwai haƙurin da cije baki ne kawai, ana jiran rana ta faɗi. Mai irin wannan haƙuri yakan yi shekara arba'in yana wanke tukunya bai taɓa yafe wa tukunyar ba, kuma 'ya'yansa sukan ɗanɗana ɗacin a cikin tuwon. Na ga gidajen Kirista da yawa da suke tsaye a kan irin wannan haƙuri, ana addu'ar safe ba fashi, amma ba mai dariya. Ina girmama jimirinsu, duk da haka na tabbata an tanadar musu abin da ya fi wannan.

Bulus ɗin nan yana da bakin magana a kan lamarin. Wasiƙarsa ga Filibiyawa babi huɗu ce, aya 104, amma maganar farin ciki da murna ta fito a cikinta fiye da sau goma, alhali yana ɗaure da sarƙa ya rubuta ta. Waɗanda ya rubuta wa sun san ba cika baki yake ba. Wajen shekara goma kafin nan, a garinsu aka yi masa bulala shi da Sila, aka jefa su can cikin kurkuku, aka sa ƙafafunsu a turu, da tsakar dare kuma 'yan sarƙa suka ji su suna waƙa. Yarin gidan da iyalinsa a wannan daren aka yi musu baftisma. Wasiƙar kuma cike take da al'amuran yau da kullum: godiya don gudummawar da suka aiko masa, labarin ɗan aikensu Abafaroditas da ya kwanta ciwo har ya kusa mutuwa, roƙon wasu mata biyu, Afodiya da Sintiki, su daidaita tsakaninsu. Abin da ya fi tsaya mini a rai yana babi na huɗu, inda ya yi maganar wadar zuci a cikin ƙoshi da yunwa, ya kuma nuna cewa koyon abin ya yi. Manzo guda, sai da ya koya. Abin da ake koyo kuwa sai an maimaita, sai an yi kuskure, kamar tuƙin tuwo. Yarinya ba ta iya shi ranar farko. Za ta yi gudaji, talge ya fallatso ya ƙona mata hannu, muciya ta gagare ta, har ranar da hannun zai san nauyin garin da kansa.

Ubangiji Yesu kansa, shekarunsa na wa'azi da al'ajibai wajen uku ne. Luka ya ce yana da kusan shekara 30 ya fara. Sauran shekarun fa? Ban da labarin haihuwarsa da zuwansa Haikali yana ɗan shekara 12, Linjila ta yi shiru, sai dai mutanen Nazarat sun san shi da sana'ar sassaƙa. Ɗan Allah ya shafe yawancin zamansa a duniya yana aune-aune, yana fiƙe itace, yana share ɓawon katako da yamma, a ƙaramin gari da ba a ɗauke shi a bakin komai ba. Ban yarda cewa waɗannan shekaru zaman jira ne kawai ba. Shi ya sa da ya buɗe baki, misalansa suka fito daga cikin gida da gona: yisti a cikin ƙullu, facin tsohuwar riga, mace tana share ɗaki tana neman kuɗinta da ya ɓace, kaza da 'yan tsakinta, furannin jeji. Wanda bai taɓa tsayawa ya kalli waɗannan abubuwa da ƙauna ba, ba zai yi magana haka ba. Alamarsa ta farko ma a gidan biki ya yi ta, a Kana ta Galili, da randunan dutse shida, don kada masu biki su ji kunya. Littafin Mai Wa'azi kuwa, wanda wani juyi yake kira Mai Hadishi, duk da shi ne ya fi kowane littafi kallon mutuwa ido da ido, a babi na 2 da na 3 da na 5 da na 8 da na 9 yana ta komawa kan magana ɗaya, cewa ɗan abincin da mutum ya ci da daɗin da ya ji a aikin hannunsa daga Allah suke.

Sai dai akwai hanyoyi biyu da za a iya karkatar da wannan magana ta zama cuta, kuma dukansu na gan su da idona.

Ta farko ita ce yaƙe. Akwai taron da in ka shiga da fuska a ɗaure za a ce bangaskiyarka ta yi sanyi, sai mai makoki ya koyi washe baki, ta ciki na ciki. Wannan ba daga Littafi ya fito ba. Yesu ya yi kuka a kabarin Li'azaru. Zabura cike take da koke-koke, ta 88 ma a cikin duhu ta ƙare, aka kuma bar ta a haka cikin littafin waƙoƙin jama'ar Allah. A wasiƙar farin cikin nan ma Bulus bai ɓoye ba cewa da Abafaroditas ya mutu da baƙin cikinsa ya ninku. Shekarar da ƙaramin ɗan Gwaggo ya rasu, ƙyanda ta ɗauke shi cikin kwana shida, na yi wata da watanni ina jin kukanta ta wannan tsagar katanga. Hirar asuba ba ta tsaya ba, sai dai ta canza. Wata rana tambaya ce, wata rana ƙara take kaiwa, wata rana sunan yaron kawai take kira. Amma da Wanda take yi wa godiya, da shi take wannan rigimar, ba ta canza abokin magana ba. Dariyar nan ta kamawar wuta sai da kaka ta zagayo sannan na sake jin ta.

Ta biyu ta fi zafi, don da ita ake danne marasa ƙarfi. Lawrence shi ya zaɓi gidan zuhudu da ƙafarsa, yana da sa'o'in addu'a da aka keɓe masa, da ƙafarsa ta gaza kuma aka sauƙaƙa masa aiki. Macen da take goyo, ta ɗebo ruwa, ta yo itace, ta yi surfe, ta tuƙa wa mutum goma tuwo, sau da yawa ba wanda ya tambaye ta, ba kuma mai karɓarta. Maigidan da zai karanta wannan babi ya je ya ce wa matarsa ta daina ƙorafi ta nemi farin ciki a tukunya, bai fahimce ni ba ko kaɗan. In Allah yana bakin murhu, ya kamata maigida ma ya san hanyar wurin. A babin ƙarshe na Linjilar Yahaya, almajirai sun kwana suna su, suka fito gaɓa a gajiye, suka tarar da garwashi da kifi a kai da gurasa. Wanda ya tashi daga matattu ne ya hura wutar. Haka nan mai ƙoshi ba shi da izinin yi wa mayunwaci wa'azin wadar zuci hannu rabbana. A Nehemiya babi na 8, ranar da Ezra ya karanta Shari'a jama'a suka fashe da kuka, an sallame su su je su ci mai maiƙo su sha mai zaƙi, amma a cikin umarnin har da aika wa wanda bai ɗora tukunya ba. Gwaggo kullum malmalarta da ƙari. In ta kwashe tuwo da mara, kwano na farko na wata tsohuwa ce makauniya, Musulma, a gida na uku da namu, ni ne kuma ɗan kai. Ban taɓa ganin fuskar Gwaggo ta yi haske kamar lokacin da nake dawowa da kwanon wayam ba.

Duk wanda ya taɓa shiga cocin Hausa a Arewa, ko ECWA ce, ko COCIN, ko EYN, ko HEKAN, ya san lokacin da 'yan Zumuntar Mata suke miƙewa da ankonsu. A duba abin da ke gabansu. Tulu ne, na yumɓu, ɗan'uwan wanda ake ɗauka zuwa rafi, ana buga bakinsa yana ba da wata murya mai zurfi da ake ji har a ƙirji, ga caki yana raka shi. Matan nan ba su jira an kawo musu kayan kiɗa daga Turai ba, abin da suka saba ɗauka a ka shi suka shigo da shi gaban Allah. Kuma ba don duniya ta yi musu sauƙi ba. Yawancin 'yan matan da aka sace a Chibok a Afrilun 2014 daga gidajen 'yan EYN suke, a Oktoban wannan shekarar kuma Boko Haram ta mamaye hedkwatar ikilisiyar a Kwarhi, kusa da Mubi. Dubban iyalai suka watse. A 2015 mawaƙan Zumuntar Matan wannan ikilisiya suna zagaya coci-coci a Amurka suna waƙa, suna ba da labarin abin da ya same su. Mace ba ta samo irin wannan murya rana ɗaya. A ranakun Talata da Laraba ake tara ta, a bakin rijiya da gindin turmi.

Harshenmu ma ya ba mu abin farawa, mun dai daina jin sa ne don yawan maimaitawa. A ce maka ina aiki, ka ce aiki da godiya. Yaya ruwa, ka ce ya yi gyara. Yaya sanyi, ka ce lokacinsa ne. Sau nawa a rana kalmar godiya take fita daga bakinmu zuciya ba ta raka ta ba? Abin da ni na gwada, na kuma ga amfaninsa, ƙarami ne ƙwarai. Duk lokacin da na amsa gaisuwa da "da godiya", nakan nemi abu ɗaya takamaimai da nake nufi, in ambata wa Allah a zuci. Wata rana ruwan randa ne mai sanyi bayan na dawo daga rana. Wata rana ƙanshin ƙasa ne da aka yi ruwan farko, ko 'yata da ta iya ɗaura igiyar takalminta. Akwai ranakun da nakan lalube ban samu komai ba, sai in faɗa masa hakan, wannan ma hira ce. Mantuwa kuwa ba a magana, nakan yi sati ban tuna ba, sannan in dawo, kamar yadda kukun Faris yake jawo hankalinsa ba tare da faɗa ba.

Zuwana na ƙarshe wurin Gwaggo, hannunta ya riga ya daina ɗaukar muciya, surukarta ce da madafi. Na tarar da ita a kan tabarma a gindin darbejiya, ga faifai a cinya, ga tsibin gyaɗa a gefe tana ɓarewa ɗaya bayan ɗaya, leɓɓanta suna motsi. Na durƙusa na gaishe ta.

"Gwaggo, ina gajiya?"

"Ba gajiya, ɗana. Kun zo lafiya? Ya yaran?"

"Lafiya lau suke, suna gaishe ki. Ina aiki?"

"Aiki da godiya." Sai ta laluba cikin faifan ta ɗauko wani kwanso da ta ware gefe guda, ta buɗe mini shi a tafin hannunta mai rawa. "Matso ka gani. Tun safe nake jiran wanda zan nuna wa. Huɗu ne a ciki."